Shinkafa, Kwakwa da Gwaiduwa: Tarihin Kayan Zaƙin Ƙasar Tailan

Duk abin zaƙi ko ɗan abin taɓawa da ake ci tsakanin kalaci da kalaci, mutanen Tailan suna kiransa khanom. Wanda ya ratsa kasuwar safe a Bankok zai gan su jere a tire: wani a naɗe cikin ganyen ayaba, wani a ɗure cikin gaɓar gora, wani kore shar, wani rawaya ɗau. Yawansu yakan ruɗa baƙo, amma kusan dukkansu a kan abu uku suka tsayu: shinkafa, kwakwa da sukarin da ake tatsa daga bishiya. Fiye da shekara 700 ke nan waɗannan ukun ba su gushe ba. Masarautu sun tashi sun faɗi, fatake sun shigo da ƙwai da alkama da ƙanƙara, matan ƙasar kuwa suna karɓar kowanne su ɗora shi a kan tsohon harsashi har ya zama nasu.

Kafin zuwan ƙwai

Masarautar Sukhothai, wadda mutanen Tailan ke fara ƙirga tarihinsu daga gare ta, ta kafu ne a wajajen 1238. Wani rubutun dutse mai ɗauke da shekarar 1292, da ake dangantawa da Sarki Ramkhamhaeng, ya lissafa lambunan birnin, ciki har da na kwakwa da mangwaro da tsamiya. Bayan kimanin shekara 50, jikansa Lithai ya rubuta littafin addinin Buda mai suna Traiphum Phra Ruang, kuma a cikinsa ne masu bincike na ƙasar ke nuna ambaton farko na wani abin zaƙi, khanom tom. Har gobe ana yin sa. Curin garin shinkafa mai danƙo ne, a cusa masa kwakwar da aka dafa da sukari, a jefa a tafasasshen ruwa, idan ya taso sama a kwashe a mirgina shi cikin kankararriyar kwakwa.

A wancan zamani babu mai sayen gari a kasuwa. Shinkafa ake jiƙawa ta kwana, a niƙa ta da ruwa a kan dutse, a ɗaure ƙullun a ƙyalle a danne shi da nauyi har ya tsane. Kwakwa kuma a kan wata 'yar kujera mai haƙoran ƙarfe a goshi ake kankare ta, sannan a matse. Matsar farko mai kauri ita ake zubawa a sama, ta biyu mai ruwa-ruwa da ita ake dafuwa. Ƙasar ba ta shan nono ba ce, saboda haka madarar kwakwa ce ta tsaya a gurbin nono da man shanu. Masu dafuwa sukan sa mata ɗan gishiri, domin a wurinsu zaƙin da ba gishiri a gefensa saurin gundura yake yi.

Sukari shi ne ya fi cin wahala. Daga bishiyar kwakwa yake fitowa, ko daga wata doguwar bishiya da suke kira tan, wadda danginta ɗaya da giginya. Mai hawa yakan bi tsanin gora da aka ɗaure a jikin bishiyar har ƙoli, ya yanka bakin tozon furenta, ya rataya gwangwanin gora a ƙarƙashi, ya jefa ɗan ɓawon wani itace a ciki don kada ruwan ya yi tsami. Safe da yamma yana hawa yana saukewa. A ƙasa kuma ana tafasa ruwan a manyan kasake har ya yi kauri ya daskare, ya zama mazarƙwaila mai ƙamshin hayaƙi.

Da waɗannan kaya kaɗai aka gina abubuwa masu yawa. Akwai tsohuwar al'adar ƙwarya huɗu ta ranar biki: 'ya'yan ɗoɗɗoya da aka jiƙa suka kumbura, gajeriyar taliyar garin shinkafa, guggurun shinkafa, da baƙar shinkafa mai danƙo, kowanne a sha da madarar kwakwa mai zaƙi. Akwai khao lam, shinkafa mai danƙo da ake ɗurawa a gora tare da madarar kwakwa a jingina a bakin wuta. Akwai kuma khanom khrok, wanda duk wanda ya san waina zai gane shi daga nesa: ƙullun shinkafa ne a tanda mai gurabe, sai dai nasu da madarar kwakwa ake dama shi, kuma biyu-biyu ake kifa su a sayar.

Da yake aikin yana cin hannu da lokaci, ba kullum ake yi ba. Kalandar addini da ta noma ce ke kawo shi. A bikin sabuwar shekara na Songkran, cikin watan Afrilu, maƙwabta kan taru su yi ta tuƙa kalamae a babban kasko, ana karɓa-karɓa da muciya tsawon sa'o'i. A ƙarshen wata na 10 na kalandarsu ana yin krayasat da guggurun shinkafa da gyaɗa da riɗi da sukari, a kai wa sufayen Buda sadaka domin magabata. Wannan ɗaurin da aka yi wa kayan zaƙi da ibada shi ya hana tsofaffin girke-girke ɓacewa, domin duk shekara dole a maimaita su a gaban yara.

Birnin baƙi

A 1351 aka kafa Ayutthaya a wani tsibiri inda koguna uku suka haɗu, kuma jiragen ruwa na iya hawowa Kogin Chao Phraya daga teku har kusa da ganuwarta. Cikin shekara 416 da ta yi tana mulki, ta zama ɗaya daga cikin manyan tashoshin ciniki na Asiya. Sarakunanta sun yanka wa baƙi unguwanni: mutanen Sin, Japan, Farisa, Malay, Holan da sauransu. Wani tsohon bayani na birnin da aka rubuta daga bakin mutanen da suka san shi ya ambaci wata kasuwa da aka keɓe wa masu sayar da khanom, alamar cewa sana'ar ta riga ta fita daga tsakar gida ta shiga kasuwa.

Turawan farko da suka iso su ne 'yan Fotugal. A 1511, shekarar da Afonso de Albuquerque ya ci birnin Malaka, ya aika manzo mai suna Duarte Fernandes zuwa fadar Sarki Ramathibodi na Biyu. Daga nan suka sami izinin ciniki da zama, wasunsu suka shiga rundunar sarki da bindigoginsu, suka auri matan ƙasa, suka kafa unguwa da coci-coci a kudancin birni.

Sun zo da wata al'adar girki da ta samo asali a gidajen mata 'yan zuhudu na ƙasarsu. A can ana amfani da farin ƙwai wajen sa wa tufafi sitati da tace giyar inabi, sai gwaiduwa ta yi ta taruwa. Matan suka gano hanyoyin dafa ta cikin ruwan sukari, suka fitar da alewoyi iri-iri. A Siyam, kamar yadda ake kiran ƙasar a lokacin, ƙwai na abinci ne, ba ya shiga kayan zaƙi. Haɗuwar waɗannan al'adu biyu ita ce babban sauyin da khanom ya taɓa gani, kuma mutanen ƙasar sun rataya shi a wuyan mace guda.

Matar da ta faɗa madafar sarki

An haifi Maria Guyomar de Pina a Ayutthaya a 1664. Jininta ya haɗa Japan da Fotugal da Bengal, kuma danginta na cikin Kiristocin da suka gudo daga Japan lokacin da mahukuntan can suka haramta addininsu. A 1682 ta auri Constantine Phaulkon, wani Bagirke ɗan tsibirin Kefaloniya da ya zo Siyam a matsayin ma'aikacin kamfanin cinikin Ingila, ya koyi harshen ƙasar, ya shiga hidimar Sarki Narai har ya zama mafi kusa da kunnensa. Shi ne ya ƙarfafa zumunci tsakanin Narai da Sarki Louis na 14 na Faransa. Jakadu suka yi ta kai da kawowa, kuma a 1687 sojojin Faransa suka sauka suka tare a ganuwar Bankok.

Wannan ya ɓata ran manyan fada da shugabannin addini. A watan Mayun 1688, Sarki Narai na kwance ba lafiya a Lopburi, sai Phetracha, shugaban rundunar giwaye, ya ƙwace mulki. Aka kashe Phaulkon ranar 5 ga Yuni, sarki ya rasu a watan Yuli. Maria ta tsere da ɗanta zuwa ganuwar Bankok tana neman mafaka a wurin Faransawa, amma a watan Oktoba kwamandansu Desfarges ya miƙa ta ga sabon sarki don ya samu hanyar ficewa da mutanensa. Duniya rawar 'yan mata. Matar da jakadun Turai ke cin abinci a gidanta ta koma baiwa a madafar fada.

A can ta zauna har bayan mutuwar Phetracha a 1703, kuma gwanintarta ta ɗaga ta. Wani matuƙin jirgin ruwa ɗan Sikotlan, Alexander Hamilton, ya rubuta cewa ya gan ta a 1719, lokacin ita ce mai kula da sashen kayan zaƙi na sarki. 'Yan ƙasa sun san ta da sarautarta, Thao Thong Kip Ma. Ta rasu a 1728.

Abubuwa uku aka fi dangantawa da ita, duka na gwaiduwar ƙwan agwagwa. Foi thong, zaren zinare, ana tace gwaiduwa a ƙyalle, a zuba ta a mazurari mai ƙananan huji, a riƙa zagaya hannu a saman ruwan sukarin da ke tafasa a kaskon tagulla. Zaren yana taɓa ruwan yake nuna, sai a ɗauko shi da tsinke a ninke. Thong yip, faifan gwaiduwa ne ƙanana da ake dafawa a ruwan sukari, a tsinke gefensu da yatsu su zama fure, a sa a ƙaramin kofi har su riƙe siffa. Thong yot kuma ɗigo ne na gwaiduwa da aka haɗa da ɗan garin shinkafa.

Masana tarihi suna jan hankali a kan cewa ba ita ta ƙirƙiro su ba. 'Yan Fotugal sun shekara 153 suna hulɗa da Siyam kafin a haife ta, kuma zaren gwaiduwan nan yana nan a duk inda jiragensu suka yada zango: fios de ovos a Fotugal da Birazil, keiran somen a Japan, muttamala a wurin Musulmin gaɓar Malabar ta Indiya. Darajar Maria a wani wuri take. Ita ce ta tsaya a kan madafar da dukan ƙasa ke koyi da ita, inda 'yan mata ke shigowa hidima su koma gidajensu da abin da suka koya. Ta wannan ƙofa girkin wata 'yar unguwar Kiristoci ya bazu cikin ƙasar mabiya Buda. A hanya kuma ya sake kama: ƙwan agwagwa ya maye na kaza, furen yasmin ya ƙamsasa ruwan sukari, madarar kwakwa da sukarin bishiya suka shiga gurbin nono a irin su sangkhaya, wanda ake turarawa a cikin kabewa.

Daga Thonburi zuwa fadar Bankok

A watan Afrilun 1767 sojojin ƙasar Bama suka ci Ayutthaya suka ƙone ta. Littattafai da yawa sun salwanta, amma girki a hannun mata yake, kuma da shi suka yi hijira. Sarki Taksin ya kafa sabon babban birni a Thonburi, ya ba jikokin 'yan Fotugal da suka taya shi yaƙi fili a bakin kogi, inda suka gina cocin Santa Cruz. Unguwar ita ce Kudi Chin, kuma har yau wasu iyalai a can suna gasa wani ɗan kek na garin alkama da ƙwan agwagwa da sukari, da garwashi sama da ƙasa, babu man shanu babu yis.

A 1782 Sarki Rama na Ɗaya ya tsallaka kogi ya mai da Bankok babban birni. Ɗansa, Rama na Biyu, wanda ya yi mulki daga 1809 zuwa 1824, mawaƙi ne, kuma haifaffen Amphawa ne, yankin da ya shahara da sukarin kwakwa. Ya tsara wata waƙa mai suna Kap He Chom Khrueang Khao Wan, ta yabon abinci da kayan zaƙi, wadda a yau masu tarihi ke dubawa don sanin abin da ake ci a fada a farkon ƙarni na 19. Foi thong da thong yip suna ciki, wato kusan shekara 100 bayan Maria suna nan a matsayin abincin sarakuna. Akwai kuma girke-girken da suka zo ta hannun Musulmi, irin su miyar matsaman da gurasar da suke kira luti. Wannan ba abin mamaki ba ne, domin tun farkon ƙarni na 17 wani attajirin Farisa, Shehu Ahmad, ya zauna a Ayutthaya ya sami sarauta, kuma zuriyarsa, gidan Bunnag, sun zama manyan wazirai a Bankok.

A cikin gidan sarki ne sana'ar ta kai maƙura. Manyan gari sukan aika 'ya'yansu mata cikin fada su koyi ladabi da ɗinki da girki. A nan aka tace dabarun launi da ƙamshi: kore daga wani ganye da suke kira toei, shuɗi daga wani fure mai suna anchan, rawaya daga kurkum, baƙi daga ƙonannen ɓawon kwakwa. Ana zuba furen yasmin a ruwa da yamma a rufe, da safe a yi girki da ruwan. Ana kunna wani kyandir na kakin zuma da aka haɗa da turare, a hure shi, a rufe shi a tukunya tare da kayan zaƙin har hayaƙin ya ratsa su. Luk chup, wanda asalinsa alewar almon ce ta Fotugal, ya koma na niƙaƙƙen koren wake, ana murza shi da yatsu a fitar da siffar mangwaro ko barkono ɗan mitsitsi, a shafa masa launi.

Kayan zaƙi sun kuma zama hanyar yin fata. A ɗaurin aure da tarewa sabon gida da naɗin sarauta, akan jera iri 9, domin lambar alheri ce a wurinsu. Masu launin zinare fatan arziki ne. Dogon zaren foi thong fatan tsawon rai ne da ɗorewar aure, shi ya sa ba a yanke shi gajere. Khanom chan, da ake turarawa hawa-hawa, fatan ɗaukaka ne.

Daga fada zuwa kasuwa

Ƙarni na 19 ya sauya kayan haɗin. Baƙi daga kudancin Sin sun buɗe gonakin rake da matatun sukari, farin sukari ya yawaita ya yi araha. Sun kuma zo da nasu kayan zaƙin, na wake da na riɗi, waɗanda suka shige cikin na ƙasa. Yarjejeniyar Bowring ta 1855 da Ingila ta buɗe ƙofar ciniki sosai, garin alkama ya samu. Ƙanƙara ta fara zuwa a jirgin ruwa daga Singafo a zamanin Sarki Mongkut, abin kallo ga manya kaɗai, har wani ɗan kasuwa, Nai Lert, ya kafa masana'antarta a Bankok a farkon ƙarni na 20. Daga nan aka sami sabon reshe na kayan zaƙi masu sanyi, inda tsohuwar taliyar shinkafa mai kore ta sami ƙanƙara a kanta.

A 1908 wata babbar mace ta gidan Bunnag, Plian Phasakorawong, ta fara buga littafinta Mae Khrua Hua Pa. Abin da a da sai an zauna kusa da uwa ko uwargijiya ake koya, ya shiga takarda da awo da tsari. A 1932 aka kawo ƙarshen mulkin sarki mai cikakken iko, gidajen sarauta suka ragu, matan da suka tashi a cikinsu suka fito gari, wasu suka buɗe shaguna, wasu suka shiga koyarwa. A 1934 aka buɗe makarantar koyon kula da gida ta 'yan mata, wadda daga baya ta zama Jami'ar Suan Dusit. Lokacin da aka sauya sunan ƙasar daga Siyam zuwa Tailan a 1939, girkin fada ya riga ya fara zama na kowa.

Da hanyoyin mota suka haɗa larduna, kowane gari ya yi suna da nasa. Matafiyi ba ya wuce Phetchaburi, ƙasar bishiyar tan, bai sayi mo kaeng ba, wato gasasshen haɗin ƙwai da madarar kwakwa da wake ko gwaza, da soyayyar albasa a kai. Kasuwar Nong Mon a lardin Chonburi ta khao lam ce. A Ayutthaya kuwa, Musulmin garin ne suka shahara da roti sai mai, alewar sukari da ake ja har ta zama siririn zare, a naɗe ta cikin gurasa mai laushi.

Halin da ake ciki

A 'yan shekarun nan khanom ya sami sabuwar kasuwa. A 2001 gwamnati ta ƙaddamar da shirin OTOP don kowace gunduma ta tallata hajarta, kuma kayan zaƙi na cikin waɗanda suka amfana. A 2018 wani wasan kwaikwayo na talabijin, Bupphesanniwat, ya dawo da labarin Maria da Phaulkon gidajen mutane. A 2021 hukumar UNESCO ta sa Phetchaburi cikin biranen da suka yi fice a fasahar abinci. A watan Afrilun 2022 wata matashiyar mawaƙiya, Milli, ta ci shinkafa mai danƙo da mangwaro a kan dandalin bikin Coachella a Amurka, washegari masu sayar da ita a Bankok suka ga layi.

Amma shahara ba ta rufe matsalar da ke ƙasa ba. Launin kanti ya fi matsar ganye sauƙi, madarar gwangwani ta fi kankarar kwakwa sauri, leda ta fi ganyen ayaba araha, kuma sau da yawa ana cakuɗa sukarin bishiya da na rake don a rage kuɗi. Masu hawan bishiyar tan suna tsufa, samari kuma ba sa ɗokin sana'ar da ke sa mutum ya hau ƙoli sau biyu a yini a kan ɗan abin da bai taka kara ya karya ba.

Tarihin da ya gabata ya nuna cewa baƙon abu bai taɓa cutar da khanom ba. Ƙwan Fotugal, gurasar Musulmi, waken Sin da ƙanƙarar Singafo duk sun shigo sun ƙara masa arziki, domin sun tarar da hannuwan da suka san aikinsu. Waɗannan hannuwan su ne abin tsoron rasawa. Littafi zai iya adana awon gari da sukari, amma ba zai iya koya wa mutum lokacin da ruwan sukari ya kai a zuba gwaiduwa ba, ko ranar da tozon bishiya ya isa yanka. Wannan ilimi daga mutum zuwa mutum yake tafiya, kuma ba zai ci gaba da tafiya ba sai idan mai hawan bishiya da mai tsayuwa a bakin kasko suna samun abin da zai riƙe iyalinsu daga sana'ar.